In Aka Ajiye Amurkawa Gefe, Wa Ke Kan Gaba a Damben Masu Nauyi?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu na jaridarka in sa baki a wani musu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a gidajen kallo da teburan masu shayi na Kaduna, tun daga Kawo har Tudun Wada da Rigasa. Musun shi ne, in aka ajiye Amurkawa gefe guda, su Joe Louis da Muhammad Ali da Mike Tyson, wane ne gwanin gwanaye a damben boksin ajin masu nauyi? Sunaye uku kunne ya fi ji, Joshua da Fury da Usyk, sai ka ce a 2015 aka ƙirƙiro damben. Ma'aunin da matasanmu ke riƙe da shi kuma, wato yawan kambu da girman jiki da rashin taɓa kaiwa ƙasa, kowannensu yana ruɗin mai kallo.

Kambu dai yanzu huɗu ne, na hukumomin dambe WBA da WBC da IBF da WBO. A 1983 aka kafa IBF, WBO kuwa sai 1988. Kafin hukumomin nan su fara raba kambu zakara ɗaya duniya ta sani, kuma galibi sai ka kayar da wanda ke kan kujerar kafin ka hau ta. Yau mutum na iya rataya kambu a kafaɗa shekara biyu bai taɓa haɗa ido da wanda ya fi kowa a ajin ba. Girman jiki ma haka yake. A yanzu sai mutum ya haura kilo 90.7 ake kiran sa mai nauyi, alhali Max Schmeling kilo 87 ne ranar da ya kayar da Joe Louis, Ingemar Johansson 89 ranar da ya ci kambu, Bob Fitzsimmons kuwa 76 kacal. Da yau ne dukansu a ajin ƙasa za a lissafa su. Kowa da mutanen zamaninsa ake auna shi.

Batun faɗuwa kuwa, idonmu ne ya saba da damben gargajiya. A namu, da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, makaɗa su ɗauka, magana ta ƙare. A boksin wanda ya faɗi yana da ƙirga goma ya miƙe, maki kawai ya yi asara. Alƙalai uku ke zaune a gefen fage, kowanne da takardarsa. Wanda ya ci turmi a ba shi 10, abokin karawarsa 9. In an kai shi ƙasa sau ɗaya ya koma 8, sau biyu yakan koma 7. Shi ya sa a Satumbar 2005 Samuel Peter, ɗan Akwa Ibom, ya kai Wladimir Klitschko ƙasa har sau uku, biyu a turmi na 5, ɗaya a na 10, amma alƙalan uku duka suka rubuta 114 da 111 suka ba Wladimir. Ba cuta aka yi ba. Peter ya ci turamen da ya yi kayarwa, Wladimir ya kwashe kusan duk sauran.

Ma'aunin da nake ganin ya dace tambaya uku ce: wa ka doke, yana kan ganiyarsa ko ya riga ya sauka, sannan ranar da aka gano tsagar da ke bangonka, ka liƙe ta ko ka bar wa ƙadangare ƙofa?

Daga John L. Sullivan a ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa 1983, mutum biyar ne kawai waɗanda ba Amurkawa ba suka riƙe kambun duniya. Biyu daga ciki ba sai an daɗe a kansu ba. Tommy Burns na Kanada, mai tsawon santimita 170, babban abin yabonsa shi ne ya yarda ya kara da baƙar fata, Jack Johnson, a Sidni ta Ostireliya a Disambar 1908, ya kuwa sha kashi har 'yan sanda suka tsayar da damben a turmi na 14. Primo Carnera na Italiya ya kusa mita biyu, ya ci kambu a 1933, shekara guda bayan haka Max Baer ya yi ta zubar da shi kamar buhun da ba a jingine ba. Duk mai cewa girma ne dambe ya nemi hoton wannan karawa.

Fitzsimmons daban ne. A Ingila aka haife shi, a Niyu Zilan ya tashi, kuma maƙeri ne. Mu a nan mahauta muka sani da dambe, shi kuwa guduma da uwar maƙera suka gina masa kafaɗu. A Maris na 1897 James Corbett, mai riƙe da kambu a lokacin, ya kai shi ƙasa a turmi na 6, ya farfasa masa fuska. A turmi na 14 Fitzsimmons ya tako da ƙafar dama gaba, ya juye ya zama bahago na ɗan lokaci, ya cusa hagu a ƙahon zuci. Wannan wuri in naushi ya same shi daidai, tsokar da ke jan numfashi ce ke ƙagewa. Mutum yana cikin hankalinsa, yana jin ƙirgar alƙali sarai, amma ƙafa ta ƙi tashi. Shi ne mutum na farko da ya ci kambun duniya a aji uku. Abin da ya rage masa daraja a wannan aji shi ne karon farko da ya fito kare kambun, a 1899, Jim Jeffries ya ƙwace.

Akwai kuma wanda bai taɓa riƙe kambu ba, amma ban yarda a yi wannan lissafi babu shi ba: Sam Langford, haifaffen Nova Scotia ta Kanada. Gajere ne, tsawonsa bai wuce na Burns da komai ba, ya fara tun daga ajin marasa nauyi ya yi ta hawa har ya riƙa kayar da ƙatti. A 1906 ya kara da Jack Johnson yana kilo 71, Johnson na 84, ya kai turmi 15 ya faɗi da maki. Da Johnson ya zama zakara, Langford kuma ya cika ya yi ƙarfi, sai aka ƙi sake ba shi dama. Kura ta san gidan mai babbar sanda. Ya yi karawa sama da 200, ya ci gaba da shiga fage bayan ido ɗaya ya mutu, daga baya ya makance gaba ɗaya. Launin fata ne ya tare masa hanya, kamar yadda ya tare wa Peter Jackson na Ostireliya wanda Sullivan ya ƙi karawa da shi.

Schmeling na Jamus shi ne darasin da ya kamata kowane koci a Kaduna ya nuna wa yaransa. Kambun da ya ci a 1930 ba abin taƙama ba ne, domin Jack Sharkey ne ya naushe shi a mara aka kori Sharkey. Abin da ya sa sunansa ya zauna shi ne Yunin 1936. Louis na da shekara 22, ba a taɓa doke shi ba, kowa na ganin Bajamushen yanka kawai aka kawo. Shi kuwa ya zauna ya yi ta kallon hotunan damben Louis har ya ga abu ɗaya: in Louis ya zungura hagu, maimakon ya maido hannun haɓa sai ya sauke shi ƙasa kaɗan. Schmeling ya jingina nauyinsa a ƙafar baya, ya ɗana dama a gefen muƙamuƙi, ya yarda a yi ta zungurar sa har idonsa na hagu ya kumbura, duk lokacin da hagun Louis ta sauka sai ya bi ta samanta da dama miƙaƙƙiya. Turmi na 4 Louis ya faɗi, karon farko tun da ya fara damben kuɗi. Turmi na 12 aka ƙirga masa goma. Sai dai dabarar tana buƙatar fili da lokaci, kuma a 1938 Louis ya hana shi duka biyun. Ya afka masa tun ƙararrawar farko, ya matse shi a igiya, ya fasa masa ƙashi a gadon baya, cikin minti 2 da daƙiƙa 4 aka tashi.

Johansson na Suwidin hannu ɗaya gare shi, dama, amma ta isa. A 1959 ya kai Floyd Patterson ƙasa sau bakwai a turmi na 3 kaɗai. Patterson ya rama a 1960, ya ƙara a 1961. Daga nan sai da aka shekara 23 kambu bai bar Amurka ba. A tsakanin an yi jarumai da suka gwada: Henry Cooper na Ingila ya kai Ali ƙasa a 1963 amma fatar girarsa ba ta jure naushi, George Chuvalo na Kanada ya yi karawa 93 ba wanda ya taɓa kai shi ƙasa, har da Ali sau biyu da Frazier da Foreman. Gerrie Coetzee na Afirka ta Kudu ne ya karya wannan dogon fari a 1983 da ya kayar da Michael Dokes a turmi na 10, ya zama ɗan nahiyarmu na farko da ya riƙe kambun masu nauyi.

Yanzu ga wanda na sa a gaba, Lennox Lewis. An haife shi a Landan a 1965, iyayensa 'yan Jamaika, ya koma Kanada yana ɗan shekara 12, kuma da tutar Kanada ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1988 inda ya tsayar da Riddick Bowe. Tsawonsa santimita 196, in ya buɗe hannuwa 213. Karawa 44 ya yi, ya ci 41, ya faɗi 2, canjaras 1. Sau 18 ya shiga fage kambun duniya na kan tebur, ya ci 15. Abin da ya fi waɗannan alƙaluma nauyi shi ne babu mutumin da ya taɓa shiga fage da shi wanda bai doke ba, domin biyun da suka kayar da shi da wanda ya yi canjaras da shi duk ya koma ya biya su.

A duba yadda ya faɗi da yadda ya gyara. A 1994 Lewis yana buɗe ƙafafu fiye da kima, yana miƙa hagu kamar mai lalube, sannan ya jefa dama da nisa haɓa a buɗe. Emanuel Steward, wanda ke horar da Oliver McCall a lokacin, ya gane haka, ya sa McCall ya saki tasa damar a daidai lokacin da Lewis ke ɗaga tasa. Turmi na 2 aka gama. Maimakon neman uzuri, Lewis ya ɗauko shi wannan Steward ya zama kocinsa. Steward ya matso masa da ƙafafu kusa, ya sa nauyinsa ya zauna a tsakiya, ya mayar da hagun nan ta lalube ta zama taɓarya, ya koya masa jingina kilo 110 a kan wuyan gajere in an sarƙe. Sakamakon ya fito a fili: Andrew Golota turmi 1, Michael Grant turmi 2, David Tua, wanda ya taɓa kashe John Ruiz cikin daƙiƙa 19, ya yi turmi 12 yana bin iska.

Faɗuwa ta biyu sakaci ne tsagwaronsa. A Afrilun 2001 aka kai damben Brakpan kusa da Johannesbag, wurin da ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku, ya fi Jos tudu nesa ba kusa ba. A irin wannan wuri iska ba ta ƙosar da huhu, jiki na buƙatar makonni kafin ya saba. Abokin karawarsa Hasim Rahman ya sauka kusan wata guda kafin ranar. Lewis ya tsaya ɗaukar wani fim a Las Vegas, ya iso saura ƙasa da mako biyu, da kilo 115 a jikinsa. Turmi na 5 ya ja baya zuwa igiya hannuwa a ƙasa yana murmushi, dama ɗaya ta kwantar da shi. Bayan wata bakwai ya dawo da kilo 112, ya share hannun Rahman da hagu mai lanƙwasa kamar lauje, ya bi da dama, turmi na 4.

Canjaras ɗin da Evander Holyfield a Maris na 1999 kuwa, masu ƙirga naushi sun rubuta wa Lewis 348 da suka sauka, Holyfield 130, amma ɗaya daga cikin alƙalai ta ba Holyfield. A Nuwamba aka sake, Lewis ya haɗa kambunan WBA da WBC da IBF a hannu ɗaya. Ban ɓoye abin da ake soka a kansa ba. Tyson ɗin da ya kashe a 2002 ya kusa shekara 36, ba na 1988 ba ne. Bowe ya jefa kambun WBC a kwandon shara a 1992 maimakon ya kara da shi, wannan laifin Bowe ne, amma shi ma Lewis ya ajiye kambun IBF a 2002 bai kara da Chris Byrd ba, wanda bahago ne mai santsi. Sannan ya yi ritaya bai sake ba Vitali Klitschko dama ba.

Wannan karawa ta Yunin 2003 ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta a gidajen kallo. Vitali na gaba da 58 da 56 a takardun alƙalai uku lokacin da likita ya tsayar bayan turmi na 6, sai a ce an yi masa fashi. Ƙa'ida a nan a fili take. In karo da kai ne ya tsaga mutum bisa kuskure, kuma an wuce turmi huɗu, takardu ake dubawa. In naushi ne ya tsaga, wanda ya kasa ci gaba shi ya faɗi. Damar Lewis ce ta keta fatar idon Vitali na hagu a turmi na 3. Mai kula da rauni minti ɗaya kawai gare shi tsakanin turmi da turmi, ya danna auduga mai maganin tsayar da jini, ya ɗora ƙarfe mai sanyi a kan kumburi, ya shafe da Vaseline. Wannan na aiki in tsagar a gira take. In ta sauko kan fatar ido ta fara rufe gani, ba abin da minti ɗaya zai yi. Ɗinki kusan 60 aka yi masa.

Duk da haka a cikin 'yan'uwan Klitschko biyu Vitali na fi tsoro. Karawa 47, ya ci 45, 41 daga ciki kafin ƙararrawar ƙarshe, ba a taɓa kai shi ƙasa ba, kuma faɗuwarsa biyu duk rauni ne yana kan gaba da maki: kafaɗa a hannun Byrd a 2000, ido a hannun Lewis. Ya yi kusan shekara huɗu ba ya dambe, ya dawo a Oktoban 2008 a Balin ya ƙwace kambun WBC daga Samuel Peter, wanda ya ƙi tashi daga kujera bayan turmi na 8. Ƙanensa Wladimir ya fi shi daɗewa, daga 2006 zuwa 2015 ya kare kambu sau 18 a jere. Haɓarsa ba ta da ƙwari, Corrie Sanders, bahago ɗan Afirka ta Kudu, ya nuna haka a 2003 cikin turmi biyu. Steward ya gina masa katanga: zungura da hagu, in an matso ya rungume ya danne, alƙali ya raba, a koma nesa. Dambe ne mai sa barci, ballantana ga wanda ya hana idonsa rintsawa ya biya kuɗin gidan kallo, amma ya yi aiki shekara tara. Ranar da ya gamu da wanda ya fi shi tsawo kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, wato Tyson Fury a 2015, naushi 52 kawai ya saukar a turmi 12. 'Yan'uwan sun yi wa mahaifiyarsu alkawarin ba za su taɓa karawa da juna ba, shi ya sa ba ɗayansu da ya haɗa kambunan duka, kuma ba wanda ya gwada kansa da mutumin da ya fi kowa haɗari a zamaninsa.

Wani abin lura, Edita. Steward Ba'amurke ne daga Detroit, shi ya gyara Lewis, shi ya gyara Wladimir, ɗan ɗan'uwansa SugarHill kuma shi ya mayar da Fury mai afkawa har ya tsayar da Deontay Wilder a 2020. Ashe ko a cikin waɗanda ba Amurkawa ba, hannun Amurka na nan a kusurwa riƙe da tawul. Sauyin gaske ya zo ne bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, lokacin da yaran da gwamnati ta horar tun suna ƙanana suka sami damar yin damben kuɗi. A Agustan 2006 kambunan huɗu duka suna hannun mutanen da aka haifa a tsohuwar Tarayyar.

Namu fa? Naka sai naka, amma a faɗi gaskiya. Peter ya ci kambun WBC a Maris na 2008 da ya tsayar da Oleg Maskaev a turmi na 6, ƙarfin hannu kuwa Allah ya ba shi. Matsalarsa naushinsa zagaye yake yi kafin ya isa, ba ya zungura ya buɗe hanya, kuma bin mutum yake yi a baya maimakon ya tare masa gaba ya kai shi kusurwa. Ga ƙiba: kilo 110 a 2005, 120 a 2009. Wanda ya fi shi baiwa shi ne Ike Ibeabuchi. Tsakanin 1994 da 1999 ya yi karawa 20 ya cinye duka. A 1997 shi da Tua suka jefa naushi 1,730 a turmi 12, 975 daga ciki nasa ne, a 1999 kuma ya tsayar da Byrd a turmi na 5, Byrd ɗin da manya ke kauce wa. Shari'a da gidan yari a Amurka suka cinye shekarun ƙarfinsa. Ba a auna ɗan dambe da abin da zai iya yi da bai yi ba, don haka sai dai a yi masa Allah sarki.

Anthony Joshua, jinin Shagamu, ya cika filin Wembley da mutum 90,000 a 2017, ya tashi daga ƙasa ya tsayar da Wladimir a turmi na 11. Dare ne mai kyau, sai dai Wladimir na da shekara 41 kuma ya yi wata 17 bai yi dambe ba. Tsagar Joshua ita ce in ya ji wa mutum ciwo sai ya shiga kusa ya tsaya a miƙe, kai ba ya motsi. A haka Andy Ruiz ya kama shi a 2019, a haka Daniel Dubois ya gama da shi a 2024. Shekara biyar tsakani, ƙofa ɗaya. Ba ya cikin biyar na farko, ko da ran masoyansa zai sosu a Unguwar Rimi. Fury ya fi shi, domin ya je Jamus ya karɓe kambu, ya tashi daga faɗuwar turmi na 12 a hannun Wilder, amma jerin manyan da ya doke gajere ne, kuma Francis Ngannou, wanda ranar ce karonsa na farko a boksin, ya zaunar da shi a 2023.

Saura Oleksandr Usyk na Yukiren, kuma shi kaɗai ne ke sa ni sake duba lissafina. Bahago ne. Aikinsa na farko a kowane turmi shi ne ya sa ƙafarsa ta dama a wajen ƙafar hagun abokin karawa, domin daga nan hagunsa ke samun miƙaƙƙiyar hanya zuwa haɓa, damar ɗayan kuma ta yi nisa. Hannunsa na gaba ba ya hutawa, yana taɓa safar abokin karawa, yana danne ta, yana yaudara. Kowace yaudara tana sa ƙato ya ɗaure jiki ya saki, kuma mai kilo 115 da ya yi haka sau ɗari kafin turmi na 8 ya riga ya biya kuɗin numfashinsa. A Mayun 2024 a Riyad ya hau sikeli da kilo 101, buhun masara guda ke nan, Fury na 119. Fury ya rinjaye shi a tsakiyar damben da naushin ɗauke haɓa da na ciki. Turmi na 9 hagu ta sami Fury, ya yi ta tangaɗi igiya na tare shi, alƙali ya ƙirga masa domin ƙa'ida ta ce wanda igiya ce kawai ta hana shi faɗuwa, ya faɗi. Takardu suka fito 115 da 112, 114 da 113 na Usyk, 114 da 113 na Fury. A cire wannan maki ɗaya na ƙirga, canjaras za a tashi. Da haka ya zama na farko da ya haɗa kambunan huɗu a wannan aji, ya kuma sake doke Fury a Disamba da 116 da 112 a takardu uku.

Inda ake iya samun sa shi ne ciki. A 2023 a Folan, Dubois ya sa masa dama a bakin wando a turmi na 5 ya zube, alƙali ya ce mara ce, ya ba shi hutu daga cikin minti biyar da ƙa'ida ta tanada. Har yau ana musu a kai, ko da yake ya rufe bakin masu musun a Yulin 2025 da ya kashe Dubois a turmi na 5 a Wembley. Kuma a lura, a garuruwan mutane ya yi yawancin aikinsa: Mosko, Riga, Balin, Manchesta, Landan. Abin da ya sa har yanzu na bar shi a bayan Lewis shi ne yawa. Zuwa wannan karawa ta 2025, dambensa takwas ne a ajin masu nauyi, shida na kambu, kuma mutum uku ne ya doke sau bibbiyu. Lewis ya shekara goma yana karɓar duk wanda aka turo, dogo da gajere, mai ƙarfi da mai wayo. Bayan su biyun sai Wladimir saboda daɗewa, Vitali dab da shi, sannan Langford da Schmeling su yi ta ja a kan na biyar. Ni Langford zan ba.

Za a tambaye ni Teófilo Stevenson na Kyuba, mai zinaren Olamfik uku a 1972 da 1976 da 1980, da magajinsa Félix Savón wanda ya doke David Izonritei namu a wasan ƙarshe na 1992. A zamaninsu ƙasarsu ta hana damben kuɗi, saboda haka gajeren dambe suka yi duk rayuwarsu. Turmi uku da turmi 15 sana'a biyu ce, ɗaya gudun mita ɗari huɗu, ɗaya tafiyar Kaduna zuwa Zariya a ƙafa, ba a haɗa su a sikeli ɗaya.

Roƙona ga masu shafin wasanni na jaridarka, in za a ba da labarin dambe a riƙa sa nauyin kowane ɗan dambe da kilo, da shekarunsa, da turmin da aka tsaya, da makin alƙalan uku ɗaya bayan ɗaya, a kuma bambanta wanda aka ƙirga wa goma da wanda alƙali ko likita ya tsayar, domin yanzu duka biyun bugun kwaf ɗaya ake rubuta musu.

Na gode da ba ni fili. Allah ya ƙara wa jarida farin jini.

Naka,
Mai bibiyar dambe,
Tudun Wada, Kaduna.